Yadda A Ke Auna Kiɗan Da Ba A Maimaita Shi

Duk malamin makarantar da ya taɓa zama da tarin takardun jarrabawa a gabansa ya san wani tarko da ke cikin wannan aiki. Yara biyu sun ba da amsa, ɗaya hannunsa kamar an buga a ɗab'i, ɗaya kuwa sai ka ce kaza ta yi tono. In malam bai yi hattara ba, sai ya ga alƙalaminsa ya karkata wajen mai kyan hannu, alhali mai yiwuwa ne amsar da ta fi nauyi tana cikin takardan nan mai wuyar karantawa. To, irin wannan tarko ne ya daɗe yana kama masu sauraron waɗansu makaɗa na ƙasar Amurka da a ke kira Grateful Dead, gardamar da ya haifa kuwa ta yi shekaru ba ta mutu ba. Ga yadda al'amarin ya ke.

Makaɗan nan sun haɗu ne cikin 1965 a wajajen Palo Alto, wani gari na jihar Kalifoniya, kudu da San Faransisko. Wanda jama'a suka ɗauka shi ne madugu, ko da ya ke shi kansa ba ya son a ce da shi haka, sunansa Jerry Garcia, mai kaɗa jitar da ke jan gaba. Akwai Bob Weir da jita ta biyu, da Phil Lesh da babbar jita mai kaurin murya, da Bill Kreutzmann a kan ganguna, daga 1967 kuma aka ƙara makaɗin ganga na biyu, watau Mickey Hart. Kujerar fiyano ita ce ba ta riƙe mutum ba, ta yi ta sauya hannu. Shekara 30 suka yi suna yawo gari gari, suka yi wasa a bainar jama'a fiye da sau 2,300. Na ƙarshe shi ne wanda suka yi a Shikago ran 9 ga Yuli, 1995. Wata guda bayan haka Garcia ya mutu yana da shekara 53, ƙungiyar ta watse.

Abin da ya raba su da sauran makaɗan zamaninsu shi ne ba su zuwa da abin da suka haddace su zube su tafi. Galibin makaɗan Turawa, in sun fita yawon wasa, waƙoƙin da suka yi jiya su za su yi yau, bi da bi, tsawonsu ɗaya. Su kuwa waɗannan kowane dare da jerin waƙoƙinsa, in kuma sun kai tsakiyar waƙa sai su saki linzami, kowa ya bi inda kunnensa ya ja shi, har su tarar da juna a bakin wata waƙa dabam. Ga misali. Suna da wata waƙa mai suna Dark Star. Sa'ad da suka buga ta a ƙaramin faifai cikin 1968 ba ta cika minti 3 ba. Ran 27 ga Fabrairu, 1969, a wani gidan wasa na San Faransisko, ta kai minti 23. A Rotterdam ta ƙasar Holan, ran 11 ga Mayu, 1972, ta haye minti 45. Suna ɗaya, amma in ka ji ukun a jere ba ka ce uwa ɗaya ta haife su ba. Wanda ya san yadda Bakandamiyar marigayi Alhaji Mamman Shata ta kan sauya daga wannan fage zuwa wancan, ba zai yi mamakin wannan ba.

Tun da haka ne, faifan da suka shirya a ɗakin ɗaukar murya ba ya gaya maka ko su wane ne, sai ka ji abin da suka yi a gaban jama'a. Nan kuwa aka yi dace, gama tun farkon fitarsu mai kula musu da na'urorin sauti, wani mutum da a ke kira Owsley Stanley, ya ɗauki al'adar naɗe wasa a tef don a saurara daga baya a ga inda aka yi kure. Masu kallo su ma suka riƙa shigowa da rikoda a ɓoye. Da abin ya gagari hanawa, cikin 1984 makaɗan suka keɓe musu wuri bayan teburin haɗa sauti, bisa sharaɗi ɗaya: a yi musaya, a yi kyauta, amma kada a sayar. Ta haka wasanni fiye da 2,000 suka wanzu a tef. Ko da mutum zai saurari ɗaya kowane dare ba fashi, sai ya yi fiye da shekara 5 bai gama ba. Tilas ke nan ya tambaya wanne ya fi, da zarar ya yi tambayan nan kuwa ya zama mai duba jarrabawa.

Hannun Rubutu

Abu na fari da za a bincika kafin a yanke wa wani dare hukunci shi ne daga ina aka ɗauko muryar. Hanya biyu ce. Ta ɗaya ita ce a ja waya daga teburin haɗa sauti, inda wayoyin makirfo na makaɗa duka ke taruwa, a sa ta kai tsaye cikin rikoda. Irin wannan tef ya kan fito tas, ka ji kowace tsirkiya dabam. Amma yana da aibinsa. Mai haɗa sauti mutanen da ke cikin zaure ya ke yi wa aiki, babu ruwansa da rikoda. Abin da ya riga ya yi ƙara daga kan dandamali, kamar babbar jita, sai ya rage shi a tebur, abin da ba ya kaiwa baya kuwa, kamar muryar mawaƙi, ya ɗaga shi. Sabo da haka sai ka sami tef wanda murya ta danne kome, babbar jita kamar ba ta zo ba, mutum dubu goma a wurin amma ba ka jin ko tarinsu. Hanya ta biyu ita ce ta mai kallo wanda ya ɗaga makirfo bisa sanda a tsakiyar taro. Shi abin da kunne ya ji a wurin shi ya ke kamawa, da amsa-kuwwar zaure, da sowar jama'a sa'ad da aka juya kiɗa, har da surutun maƙwabcinsa wanda hira ta kawo shi.

Shekarar 1974 ta isa misali. A shekaran nan makaɗan suka gina wata katangar lasifika a bayansu, kimanin guda 600 jibge bisa juna, kowane makaɗi da nasa sashe. Masu ɗauka daga cikin taro suka sami sauti mai tsabta irin wanda ba su saba samu ba. Amma da ya ke katangar tana bayan mawaƙa ne, sai da aka ba kowa makirfo biyu, ɗaya bisa ɗaya, aka haɗa su yadda za su kashe ƙarar da ke zuwa daga baya, shi kuwa ya yi waƙa cikin ɗaya kaɗai. Dabarar ta yi aiki, sai dai ta sirantar da muryar mawaƙa, ta kan fito kamar daga cikin gwangwani. Wanda bai san wannan ba sai ya ji tef na 1974 ya ce mutanen nan ba su iya waƙa ba, ya rage musu maki kan laifin waya.

Abu na biyu kowane akawu ya san shi. In aka ba ka wasiƙa ka juya, wani ya juya daga taka, na uku ya juya daga ta biyu, kafin a kai na goma za a tarar sifiri ya ɓace, suna ya karkace. Haka tef ya ke. Kafin zuwan kwamfuta, kaset daga kaset a ke juyawa a aika ta gidan waya, kowane juyi kuwa yana ƙara wani huci kamar na iska, yana cinye siraran muryoyi. Ga shi kuma rikoda ba su gudu ɗaya. In ta wani ta ɗan fi sauri, sai kiɗan ya fito da gaggawa, murya ta ɗaga, mai sauraro ya ce kai, daren nan sun yi zafi, ashe na'ura ce ta yi zafi. Shi ya sa masu wannan sha'ani ba su yarda da tef sai da salsalarsa a rubuce: wa ya ɗauka, da wace na'ura, a ina ya tsaya, hannu nawa ya bi kafin ya iso.

Kada kuma a zaci faifan da kamfani ya buga shi ne shaida mai adalci. Cikin Afrilu da Mayu na 1972 suka yi wasa 22 a Turai, aka tsinci waɗansu waƙoƙi aka fito da su da sunan Europe '72. Kiɗan na gaske ne, amma muryoyi da yawa a ɗakin ɗaukar murya aka sake rera su bayan an koma gida. Watau an bar yaro ya tafi gida da takardarsa, ya gyara, ya dawo da ita da safe.

Amsar Kanta

In an kawar da waɗannan duka, sa'an nan a zo ga kiɗan. A nan ƙidayar kure ba ta kai mutum ko'ina. Ran 27 ga Agusta, 1972, suka yi wasa a wani fili kusa da Veneta cikin jihar Oregon, don taimakon wani ƙaramin kamfanin madara da ya shiga matsi. Rana ta ƙwalle irin wadda ba su saba ba, ruwan sha ya yi ƙaranci, tsirkiyoyi suka yi ta sassautawa, ana tsayawa ana ɗaurewa. Mai ƙidayar kure zai cika shafi. Amma Dark Star da suka yi a ranan nan, wajen rabin sa'a, tana cikin waɗanda a kan fara ambata in ana zancen gwanintarsu.

Abin da ni na ke kasa kunne dominsa shi ne ko makaɗan suna sauraron juna. In Garcia ya jefa wani ɗan kari, Lesh ya cafe ya juya shi ya mayar masa, ko kuwa kowa ya kama gabansa? In mai fiyano ya ɗan ja da baya, masu ganga sun ji sun buɗe masa wuri? Inda wannan ya fi bayyana shi ne mahaɗa, wurin da waƙa ke narkewa ta zama wata. Masu rubuta jerin waƙoƙin kowane dare su kan sa alamar kibiya tsakanin suna biyu, don a san ba a tsaya ba. Gwanin sauraro wajen kibiyan nan ya kan fara zuwa. In daren ya yi kyau, ba za ka iya nuna daƙiƙar da aka bar waƙar fari ba, sai dai ka farga kana cikin ta biyu. In bai yi ba, sai ka ji an yi ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin da ya ƙi rafi, har wani ya gaji ya fizgo su da ƙarfin tsiya.

Sai kuma a lura da zamani, gama ba a duba takardar ɗan aji biyu da ma'aunin aji bakwai. Kiɗansu na 1969 ɗanye ne, mai zafi. Daga 1971 zuwa 1974 Hart ba ya nan, mai ganga ɗaya ne, sabo da haka ƙungiyar ta yi sauƙin juyawa, ta kan sauya hanya cikin ƙiftawar ido. Da suka koma masu ganga biyu sai kiɗan ya yi nauyi, ya yi ƙarfi, amma juyi ya yi wuya, kamar bambancin doki da amalanke. Adalci shi ne a gwada dare da maƙwabtansa, na jiya da na gobe, kafin a kai shi gaban wata shekara.

Shaidar wanda ya halarta fa? A karɓe ta da taka tsantsan. Cikin Satumba, 1978, suka yi dare uku a gindin dalar Giza ta ƙasar Masar, tare da makaɗin nan na Nuba, Hamza El Din, a daren ƙarshe har wata ya yi husufi ana cikin wasa. Wanda ya je ba zai manta ba. Amma Kreutzmann da karyayyen hannu ya yi kiɗa, fiyano kuma ba ta ɗauru daidai ba, su kansu makaɗan da suka saurari tef suka ajiye shi, bai fito kasuwa ba sai 2008. A Watkins Glen kuwa, cikin Yuli, 1973, inda mutum kimanin 600,000 suka taru, abin da masu sauraro suka fi riƙewa shi ne kiɗan da aka yi ana gobe wasa, sa'ad da a ke gwajin na'ura. Ko makaɗin kansa ba a bar masa hukunci. Garcia ya ba da labari, cikin wani sinima da aka yi a kansu a 1977, cewa wani dare cikin 1968 ya fusata da Lesh sabo da yana ganin ya ɓata musu wasa, har ya tunkuɗa shi daga kan matakala. Da suka saurari tef daga baya sai suka tarar kiɗan yana tartsatsi, har suka sa wani yanki nasa cikin faifansu na biyu. A ɗaya gefen kuma, tef na 1994 da 1995 na'urorin zamani ne suka ɗauke su, babu huci ko kaɗan, amma a lokacin ciwon sukari da miyagun ƙwayoyi sun ci ƙarfin Garcia, yana mance baiti, yatsunsa suna sassarfa. Rubutu ke nan mai kyau a kan amsa maras ƙarfi.

Daren Cornell

To, yanzu sai mu zo ga takardar da aka fi gardama a kanta. Ran 8 ga Mayu, 1977, suka yi wasa a Barton Hall, wani makeken zauren motsa jiki na Jami'ar Cornell, a garin Ithaca cikin jihar Niyok. In ka tambayi mutum goma daga cikin masu sauraronsu wane dare ya fi, da wuya a rasa waɗanda za su ambaci wannan. Cikin 2012 Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin muryoyin da ƙasa za ta adana. Sunansa ya yi yawa har waɗansu masu barkwanci suka ƙaga cewa wai ba a ma yi wasan ba, shiri ne.

Ba shakka an yi kiɗa a daren nan. Ba su daɗe da fitowa daga shirya faifansu Terrapin Station ba, inda mai shirya musu, Keith Olsen, ya matsa musu da gwaji, musamman masu ganga, sabo da haka a watan nan ƙafarsu ɗaya ce. Bayan hutun rabin lokaci, sai da Weir ya roƙi jama'a su ja da baya don ana matse na gaba, sa'an nan suka shiga Scarlet Begonias, suka zarce cikin Fire on the Mountain, wadda a lokacin ba ta cika wata biyu da fara yi ba. Biyun sun ɗauki wajen minti 25, mahaɗar da ke tsakaninsu kuwa ita ce irin wadda na faɗa a baya: babbar jitar Lesh tana ta zamewa ƙarƙashi, fiyano ta kama wani ɗan kari tana nanatawa, ba ka san sa'ad da aka ƙetare ba. Kusa da ƙarshe suka yi Morning Dew, suka fara ta a hankali kamar raɗa, suka yi ta hawa da ita har zauren ya ɗauka. Da jama'a suka fito sai suka tarar dusar ƙanƙara tana zuba, cikin watan Mayu.

Amma a tambayi salsalar tef ɗin. Wata mace gwanar sauti ce ta ɗauke shi, Betty Cantor-Jackson, wadda ta daɗe tana aiki da su. Ita ba ta dogara ga haɗin mai tebur ba. Tana da nata kayan haɗawa, ta sa abin ji a kunne, ta auna kowace murya don tef kaɗai. Sabo da haka nata ya kuɓuta daga aibin da na ambata: ga tsabta, ga babbar jita a cike, ga kowa a mazauninsa. Bayan ta rabu da ƙungiyar, kayanta suna ajiye a wani sito na haya, kuɗin haya ya taru, cikin 1986 aka yi gwanjonsu. Waɗanda suka saya suka tarar da tarin tef, daga hannun waɗansunsu kuwa aka fara juyawa, ya bazu. Dubi lokacin da abin ya faɗo. A 1987 waƙarsu Touch of Grey ta shiga cikin goma na gaba a kasuwar Amurka, sababbin masu sauraro suka kwararo, kowa yana neman kaset na fari. Wanda ya daɗe a sha'anin me zai ba baƙo? Sai wanda ya fi daɗin ji, wanda hannu kaɗan ya bi. Dā ma akwai wani tef mai kyau na daren da wani mai kallo ya ɗauka, wanda ya riga ya yi masa suna. In aka zo ƙuri'a kuwa, mutum abin da ya ji ya ke zaɓa, Cornell kuwa kowa ya ji shi.

Akwai wani abin lura. Dick Latvala, wanda makaɗan suka ɗauka cikin 1985 ya riƙe musu taskar tef, ya fara fito da zaɓaɓɓun darare a 1993, kowane faifai da gargaɗi a bayansa cewa ba don sayarwa aka ɗauki tef ɗin ba, mai saye ya yi haƙuri da aibinsa. Daren da ya fara da shi na 19 ga Disamba, 1973 ne, a Tampa. Da ya zo kan Mayu 1977 sai ya fito da na ran 22 ga wata a jihar Florida, uwar tef ta Cornell kuwa ba ta cikin taskar, tana hannun masu gwanjo. Ya mutu a 1999 ba ta dawo ba. Sai a 2017, bayan an daidaita, aka buga daren Cornell, tare da na New Haven ran 5 ga wata, da na Boston ran 7, da na Buffalo ran 9.

Wannan ya ba mai duba jarrabawa abin da ya ke so, domin dararen nan huɗu hannu ɗaya ne ya rubuta su, duk Betty ce ta ɗauka, ba wanda zai ci maki da kyan rubutu. Ni dai da na jera su, ga abin da na gani. Rabin ƙarshe na Cornell ya fi na sauran ukun, ban da wata tantama. Amma rabin fari na Buffalo ya fi nasa, gama can da Help on the Way suka buɗe, suka ratsa Slipknot mai wuyar ƙafa suka faɗa Franklin's Tower tun jama'a ba su gama zama ba. Watau ko cikin makonsa Cornell da kyar ya tsere.

In kuma aka fitar da shi daga makonsa aka kai shi gaban shekarun mai ganga ɗaya, nan ne na ke rabuwa da masu ƙuri'a. A 1977 duka ba su yi Dark Star ko sau ɗaya ba. Sun ajiye ta tun Oktoba, 1974, ba su ɗauko ba sai daren ƙarshe na 1978. A Cornell babu wurin da suka bar waƙa gaba ɗaya suka shiga dajin da ba su san mafita ba. Sun bi hanyar da suka sani ne, suka bi ta da kyau ƙwarai. Ƙungiyar da ta yi suna da kasada kuwa, ban ga yadda za a ce darenta mafi girma shi ne wanda ba ta yi kasada a cikinsa ba. In aka ba ni jan alƙalami zan ba Cornell maki mai yawa, in sa shi cikin na gaba gaba, in kuma ba baƙo shi ya fara da shi kamar yadda aka saba. Na ɗaya kuwa, in aka matsa mini, tsakanin 1972 da ƙarshen 1973 zan neme shi. Yanzu nema ba wuya, tun da taskar Internet Archive ta tara tef ɗin a intanet, bisa sulhun da aka yi cikin 2005 cewa na masu kallo a iya kwafa, na tebur kuwa a saurara kawai. Daga Veneta zan fara, da tsirkiyoyinta da rana ta sassauta.